Yaro a Bayan Maharbi

Maharbin da ya san aikinsa ba ya miƙa wa ɗansa baka a ranar farko. Gorar ruwa yake rataya masa, ya ce, "Ka taka inda na taka, kada in ji bakinka." Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, wanda a gida ƙafarsa ba ta zama, sai ga shi tun asuba cikin sanyin hunturu yana bin sawun ubansa, yana haɗiye tari.

Abin da zai fara gani ba shi da armashi. Uban zai duƙa ya ɗebi ƙura ya saki don ya san inda iska ta dosa, domin barewa takan ji warin mutum tun kafin ta hango shi, sai an tunkare ta iska na bugun fuska. Zai murza kashin gada da yatsa ya ji ko da sauran danshi. Wasu maharban kan ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo har su kusanci garke. Duk wannan yaro yana laɓe a gindin sabara, ƙaya na sukarsa, ba damar motsi.

Sai ranar da barewa ta tsaya daidai harbi, uban ya ɗana kibiya, ya dube ta da kyau, ya sauke baka. Ya hango hantsarta cike. Barewa wajen wata 6 take ɗauke da ciki, galibi kuma ɗa ɗaya take haifa, ta kwantar da shi cikin ciyawa ta tafi kiwo. Wanda ya harbe ta rai biyu ya ɗauka. Ranar haka za su koma gida jaka ba komai, yaro na kumbure-kumbure, uban bai ba shi haƙuri ba, ya dai nuna masa abin da ya gani.

Amma a ganina babban karatun yana ranar da harbi bai yi daidai ba. Kibiya ta kama cinya, dabba ta ruga da ita. Rana ta take, ruwan gora ya kusa ƙarewa, gida da nisa, kuma babu mai ganinsu sai Allah. Nan maharbin kirki yake cewa, "Taso, ɗana, mu bi jini." Ɗigo a kan ganye, ɗigo a kan dutse, can sawu ya nuna ƙafa ɗaya ja take yi. In jinin ya ɓace sai a koma inda aka gan shi ƙarshe a sake kewaye. Wani lokaci har la'asar. Uban ya yi bismillah kafin ya saki kibiyar, ya san kuma in ya tarar da ita da sauran rai wajibi ne ya yanka ta. Barinta ta mutu a hankali, ungulu na jira, ba zai iya ba. Yaron da ya sha wannan tafiya da ƙishirwa, ya ga idon dabbar kafin a sa wuƙa, ya gane da ƙafafunsa cewa abin da ya bar hannunka naka ne har inda ya faɗi. Irinsa ba ya ɗaukar makami da wasa, ba ya kuma wulaƙanta nama a kwano.

Abin da ke damuna shi ne yawancin yaran da ake kaiwa dawa yanzu ba wannan suke gani ba. Farautar taro ce: a cika mota da samari da karnuka da gatura, a cinna wa daji wuta, duk abin da ya fito a bi shi, mai ciki da mai goyo, ƙarshe a kaure da faɗa a kan zomo ɗaya. Barewa kuwa ta yi wuyar gani a dazukan da kakanni suka saba samunta. Dajin Yankari da ke Bauchi tun 1956 aka keɓe shi domin namun dawa su sami mafaka, farauta haramun ce a cikinsa. A wajen irin waɗannan wurare, ko dabba za ta saura ya dogara ne da maharbin da ya iya sauke bakansa, da kuma ko ɗansa yana tsaye a bayansa lokacin da ya sauke.