Haƙƙin Wanda Tsoro Ya Tsare Cikin Ɗaki

 Ya ɗan'uwana, ga wata mas'ala: mutumin da tsoro ya hana shi fita gida, raunin tawakkali gare shi, ko kuwa majinyaci ne mai haƙƙi bisa wuyanmu?

Ka sani wannan ciwo sananne ne. Mai shi idan ya doshi kasuwa, ko tashar mota, ko taro mai cunkoso, sai gabansa ya riƙa faɗuwa, numfashi ya sarƙe, zufa ta karyo, ya ga kamar ajali ya zo. Abin yakan lafa bayan 'yan mintoci, amma tsoron dawowarsa shi ke kulle ƙofa. Wani likitan Jamus, Wesfal, ya sa masa suna a 1871 da kalmar Girkanci mai ma'anar tsoron dandalin kasuwa. Tun gabaninsa, Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a 934, ya lissafa firgita cikin cututtukan rai masu karɓar magani kamar na jiki.

Saboda haka ni ina ganin majinyaci ne. Kada ka zarge shi, kada kuma ka kira zamansa halwa. Mai halwa shi ya rufe ƙofa, mabuɗi na hannunsa. Wannan kuwa rufe shi aka yi. Ka lura ciwon ya fi kama mata, kuma wurinsu ya fi ɓuya. Mace ta kasa zuwa asibiti, ta kasa zuwa sunan 'yar'uwarta, ana yaba mata kunya alhali azaba take sha.

To, ina haƙƙin nasa? Nan ne wurin wuya. Idan muka ɗauke masa cefane da aike da kowace fita har abada, tausayinmu ya zama kwaɗo na biyu bisa ƙofarsa. Likitoci sun tabbatar duk lokacin da mutum ya guje wa abin tsoro yakan sami sauƙin sa'a guda, tsoron kuwa ya ƙara ƙarfi. Idan muka ja shi da tilas, ko muka yaudare shi zuwa tsakiyar taro, mun karya amana.

Abin da na zaɓa shi ne zama, sannan rakiya. Ka fara zama da shi, ku ci tare, ku yi hira, ba wa'azi kullum ba. Idan ya aminta da kai, ku fita zaure. Wata rana bakin ƙofa, wata rana wurin mai shayi da sassafe kafin mutane su taru. Idan firgita ta taso kada ka ce da shi ba komai. Ka tsaya kusa har ta sauka, don ya gani da kansa tana wucewa. Shi ke faɗin iyakar takun yau, kai ka tuna masa na gobe. Ka raka shi ga likita, domin addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. 'Yan'uwa kuma su raba kwanaki tsakaninsu, kada mai jinya guda ya gaji ya zama majinyaci na biyu.

Alamar rakiyarka ta karɓu ita ce ranar da ya fita ba tare da kai ba. Allah ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, ya ba masu jinya haƙuri. Amin.