Hasashen Damana da Haƙƙin Mai Saurare

A wajajen ƙarshen watan Afrilu, masana yanayi na ƙasashen Sahel kan taru su fitar da hasashensu a kan damanar da ke tafe. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 sakamakon farin da ya halaka dabbobin yankin, tana cikin masu jagorancin aikin. Kafin maganar ta iso Filinge ta rediyo, bazara ta kai maƙura, rijiyoyi sun ja baya, rumbuna da yawa a ƙasar Kurfai sun kusa ƙarewa. Mene ne haƙƙin mutumin da ke cikin wannan hali a kan wanda ya kawo masa labarin ruwan da bai sauka ba tukuna?

Wasu kan ce hasashen kansa shisshigi ne cikin gaibu. Wannan zargi ba shi da ƙarfi. Bakurfe ya daɗe yana duban zuwan shamuwa, da juyawar iska, da gawo in ya fara zubar da ganye, kuma ba wanda ya ce ya yi saɓo. Masani ma alamu yake karantawa, sai dai nasa sun kai har ga zafin ruwan teku. Matsalar tana wani wuri dabam.

Masani ba ya cewa za a yi ruwa. Yana auna yiwuwar abu uku ne: damanar ta zarce yadda aka saba, ko ta yi daidai, ko ta gaza. Yana kuma magana a kan yanki mai faɗi da jimillar watanni. Amma a hanyar maganar daga faransanci zuwa hausa, daga takarda zuwa bakin mai shela, shakkar nan ce ke fara faɗuwa. Abin da aka rubuta da «ana kyautata zato» sai ya isa kasuwa a matsayin «bana akwai ruwa». Mai fassara bai yi ƙarya da gangan ba, ya dai taƙaita, ya kuma so ya faranta wa mutane rai. To, amma manomin da ya ji haka ya fitar da irin hatsinsa na ƙarshe ya yi binne, ko ya shuka da ruwan farko na watan Mayu. In sama ta ɗauke na sati uku, tsiron ya ƙone. Ana iya samun ruwa mai yawa a Agusta, lissafin masani ya cika, alhali gonar ta riga ta mutu. Hasashen ya yi gaskiya, mai gona kuma ya yi asara, kuma shi kaɗai zai biya. Rashin daidaiton nan shi ke mai da fassara amana: wanda ba zai rasa komai ba in maganar ta kuskure bai cancanci ya rage mata ko kalma ɗaya ta shakka ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Farin sama dabam, farin gida dabam. Na farko yakan yanke da saukar ruwa, na biyu kuwa yakan zauna shekaru. Makiyayin da garkensa ya ƙare a 1984 bai farfaɗo da damana ɗaya ba, don maraƙa takan kai shekara uku ko fiye kafin ta haihu, ko da irin Azawak ce da ake kiwo a Tukunus. A 2005 yunwa ta fi tsanani ne a tsakiyar damana, gonaki na kore, saboda fari da fara na 2004 sun riga sun cinye abin da za a ci kafin kaka. A 2010 kuwa, dabbobin da suka jure rani da ƙyar, da yawansu ruwan sama ne ya ƙarasa su. Saboda haka albishirin damana mai kyau na iya zama zalunci idan ya sa mai iko ya saki jiki, ya jinkirta agaji, ya ga hadari ya zubar da ruwan tulun wasu. Ƙasar nan ta san farashin irin wannan sakaci: gwamnatin Diori Hamani ta faɗi a watan Afrilun 1974 cikin zargin wasa da abincin agaji, kuma Seyni Kunce da ya kifar da ita ɗan Fandu ne, a nan yankin Filinge.

Ɓoye hasashen don gudun kuskure ma ba mafita ba ce, domin raini ne a ɗauka talaka ba zai gane «mai yiwuwa» ba. Wanda ke raba irinsa biyu, ya shuka rabi a jigawa ya ajiye rabi, ya fi kowa sanin ma'anarta. Abin da yake bukata shi ne a gaya masa ƙarfin zaton, da lokacin da ake sa ran faɗuwar damana, da tsawon ɗaukewar ruwan da ake tsoro bayan shuka. Masanan suna fitar da waɗannan duka a cikin rahotonsu, amma ba kasafai suke kaiwa ƙauye da hausa ba.