Cacar Ƙwallo Ta Wayar Hannu: Wa Yake Ci?



Bayan Misa ta wata Lahadi, wata uwa ta tsayar da ni tana hawaye. Ɗanta ya ɗauki kuɗin makarantarsa ya zuba a cacar ƙwallo ta wayar hannu, da fatan ya ninka su kafin a koma karatu. Wasa goma ya zaɓa, tara suka zo daidai, na goman ya rushe kome. Wannan ne dalilin da ya sa nake rubuto muku, musamman ku na Gwandu da Kalgo, inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da sauran samari suke cika gidajen kallon ƙwallo ran Asabar da Lahadi.

Bari mu duba yadda kamfanonin nan, irin su Bet9ja da SportyBet, suke samun riba. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya. Mutum 50 sun sa N1,000 kowannensu a kan ta farko, wasu 50 kuma a kan ta biyu. Kamfani ya tara N100,000. Da raba daidai ake yi, wanda ya ci sai ya karɓi N2,000, amma abin da ake ba shi bai kai haka ba, a ce N1,900. An biya N95,000 ke nan, N5,000 ta zauna a aljihun kamfani, ko wace ƙungiya ce ta yi nasara. Idan kuɗi suka yi yawa a gefe ɗaya, sai a rage abin da za a biya a gefen nan. An kuma ƙayyade iyakar abin da tikiti ɗaya zai ci, wanda aka ga yana yawan ci kuwa akan rage masa abin da zai iya sawa. Saboda haka yawan jama'a shi ne jarin kamfani.

Tikiti mai wasanni da yawa ya fi kowanne haɗari. In kowane wasa rabi da rabi ne, damar cin goma a jere ɗaya ce cikin 1,024. Shi ya sa ake ƙara muku garaɓasa in kun tsawaita tikiti. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A shekarar 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kula da harkar caca aikin jihohi ne. Amma babu dokar da za ta bi yaro ɗakinsa da tsakar dare. Sai tsoron Allah da tarbiyya.

Me Ikilisiya take koyarwa? Katekizim na Cocin Katolika, a lamba ta 2413, bai ɗauki wasan sa'a a matsayin zunubi a kan kansa ba. Yana zama laifi ne sa'ad da ya hana mutum biyan bukatunsa da na waɗanda suke wuyansa, yana kuma iya mai da mai yinsa bawa. To, ku auna da kanku: kuɗin makaranta, kuɗin taki, kuɗin cefane, na wane ne? Ku tuna da sojojin da suka jefa ƙuri'a a kan rigar Yesu a gindin gicciye (Yohanna 19:23-24). Mai Ceto yana mutuwa a bisa kansu, idanunsu suna kan riba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku cikin natsuwa, kada kunya ta sa su ɓoye bashi. Zumuntar Mata da shugabannin matasa, ku tattauna wannan a taronku. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta caca, suna da irin wannan damuwa. Mu haɗa kai da su. Kai kuwa da ka riga ka faɗa, ka goge manhajar daga wayarka yau, ka gaya wa wanda ka amince da shi yawan abin da ake binka, ka zo wurin Sakramentin Tuba. Ƙofa a buɗe take.

Allah ya sa albarka a guminmu, ya tsare 'ya'yanmu. Amin.