Amanar Daji a Hannun Wa?

Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa ƙasa da duk abin da ke numfashi a bayanta, tun daga giwa har kiyashi, amana ce da Ubangiji Maɗaukaki ya ɗora wa ɗan Adam, wadda kuma za a tambaye shi a kanta ranar hisabi. Mas'alar da ta saura ita ce wanda ya fi cancanta ya riƙe ta: hukumar da ke zana iyakar daji a takarda, ko mutanen da kakanninsu suka yi kiwo a cikinsa, suka sassaƙi magani, aka kuma binne su a can.

An daɗe ana fifita hukuma, har ta kai a 1991, da Uganda ta mai da dajin Bwindi gandun gwamnati domin kare gwaggon biri, aka fitar da al'ummar Batwa daga mazauninsu na kaka da kakanni. Sannu a hankali duniya ta farga. Yarjejeniyar kare halittu da aka ƙulla a Riyo a 1992 ta amince a mutunta ilmin 'yan asalin wuri. A Montiriyal a 2022, da aka yi alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na tudu da teku kafin 2030, an shardanta kiyaye haƙƙinsu. A Kali ta Kolombiya kuma, a 2024, aka kafa musu kwamiti na dindindin.

Wanda ya karanci fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yayin da ya naɗa bararren bawansa Hunayyu ya tsare hurumin kiwo, ya umarce shi da ya sassauta wa jama'a, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya kuwa hana garkunan attajirai shiga, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonakin da za su koma, talaka kuwa ba shi da madogara. Sayyidina Umar ya kuma yi iƙirari da bakinsa cewa ƙasar ta mutanen wurin ce.

To, idan halifa mai cikakken iko ya ga keɓe daji ba ya halatta sai da maslaha, da rahama, da sanin masu ƙasa, ashe kujera a zauren taro, irin wadda aka ba 'yan asalin wuri a Kali, ba ta wadatar ba, matuƙar an gama yanke hukunci kafin a nemi shawarar mai ita. Wajibi ne ga mahukunta su nemi yardar mazauna daji kafin su kafa iyaka, su ba su rabo daga amfaninsa, su kuma sa su cikin masu tsaronsa, gama kiyaye halitta ba ya tsayuwa a kan zalunci.