Titi Na Wane Ne: Na Mai Mota Ko Na Mai Ƙafa?

Kwanakin baya na taso daga Damari na je Kano. Ina tsaye bakin wani babban titi mai hannu biyu, sai na ga wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka, riƙe da hannun jikanta, tana neman tsallakawa. Ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye. Akwai gadar masu tafiya a ƙasa can gaba, amma matakalanta sun fi ƙarfin gwiwarta. Sai da wani mai shayi ya bar teburinsa, ya ɗaga hannu ya tare motoci, sa'an nan suka haye. Ta ce masa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Tun daga ranar nake tambayar kaina: titin da tsohuwa ba ta iya haye shi sai da taimakon mai tausayi, shin an yi shi bisa adalci?

Kakanninmu sun san amsar wannan tambaya. A cikin ganuwar Kano, ƙafar mutum ce ma'aunin gari. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da marinar Ƙofar Mata, da maƙera, da makarantar allo, da gidan kwana, duk suna kusa da juna. Mutum yana sana'a a zaurensa, dattawa suna hira a dakali, yaro yana zuwa aike ta lungu idon unguwa na kansa. A lokacin, hanya wurin zama ce kamar yadda take wurin wucewa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai aka shiga rarraba gari: ga birni, ga Sabon Gari, ga unguwar Turawa a Nasarawa. Tazara ta ƙaru, mota ta zama dole, daga baya kuma ta zama sarauniya. A zamaninmu an gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa a mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu (2011 zuwa 2015), aka yi ta Dangi a zamanin Gwamna Ganduje, a Katsina kuma aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a Janairun 2023. Ba na raina waɗannan ayyuka, gama cunkoso wahala ce ta gaske. Sai dai dukansu tambaya ɗaya suke amsawa: yaya mota za ta wuce da sauri? Tambayar da ta rage ita ce: yaya mutum zai isa lafiya?

Wannan magana ce ta rai da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗuran hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Saboda haka taron ƙasashe da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda motoci da mutane suke cuɗanya. Hausawa sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.

Ga inda adalci ya shigo. Da dukiyar kowa ake gina titi. Mai tallan ƙosai da ɗan dako da makaho mai sanda suna da haƙƙi a kansa daidai da mai babbar mota. Idan aka ba mota dukan faɗin hanya, aka bar wa mai ƙafa bakin kwata, to an karɓi na masu yawa an ba 'yan kaɗan, an kuma ɗora kasada a kan wanda ba shi da ƙarfen da zai kāre jikinsa. Paparoma Francis ya taɓo wannan a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, inda ya yi kira a kiyaye wuraren da jama'a ke haɗuwa a birane, a kuma fifita sufurin jama'a. A ganina, mafi rauni a cikin masu bin titi shi ne ma'aunin kyansa.

Gyaran kuwa ba gagara ba ne. A rage faɗin hannun motoci, gama titi mai faɗi shi ke kiran direba ya taka wuta. A rufe kwata a yi dandamalin tafiya a kowane gefe. A dasa dalbejiya domin inuwa, a sa fitilu. A yi wurin tsallakawa a ƙasa, mai ɗan tudu da zai tilasta wa mota ta lafa. A keɓe wa masu talla da masu Keke Napep wurinsu, maimakon kora yau su dawo gobe. A bar shago a ƙasa, gida a sama, makaranta da asibiti a kusa. Wasu sun gwada sun ga amfani: birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe wata gadar sama a 2003, ya buɗe rafin da ta danne a 2005, wurin ya zama dandalin jama'a, Kigali ta Ruwanda ta hana motoci shiga wani titi na tsakiyar birni a 2015.

Na san wani zai ce: "Fada, mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tsaro ne damuwarmu. Kuma in ba tirela, wa zai kwashe masarar Dandume?" Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kori mota. Manomi na bukatarta, mai naƙuda na bukatarta. Abin da ake nema shi ne babbar mota ta bi hanyar bayan gari, wadda ta shigo cikin gari kuma ta shigo da ladabin baƙo. Game da tsaro kuwa, titin da ke da haske da shaguna da mutane har dare ya fi kangon kwalta kwanciyar hankali, domin idanu da yawa suna kansa.

Garuruwanmu suna da wata dama da Kano ta riga ta rasa: ba su gama girma ba. Dubi Sheme da 'Yankara a kan hanyar Funtua zuwa Gusau, inda kasuwa ke ci a bakin kwalta, manyan motoci suna ratsa tsakiyar jama'a. Ranar da za a zo faɗaɗa irin waɗannan hanyoyi, ya kamata masu unguwa da hakimai da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata su tambayi masu aikin tun kafin a sa hannu: ina ɗalibi zai tsallaka? Ina gurgu zai bi da kekensa? Ina mai talla za ta zauna? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma ɗan'uwa mai tuƙi, kada ka jira gwamnati. Idan ka shigo gari, sassauta ƙafarka. Ka tuna cewa da ƙafa ka zo wurin motarka, da ƙafa kuma za ka bar ta. Mai shayin nan ya yi abin kirki, amma bai kamata ran tsohuwa ya dogara ga samun irinsa kowace rana ba. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba mu tausayin juna, ya kai kowa gida lafiya. Amin.