Rediyon Fatakwal

Daren da jikansa zai tafi Zariya horon kuratan soja, tsoho ya kira shi zaure. Ƙauyensu na bakin dajin Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, kuma kowa ya san tsohon ya yi yaƙin basasa, amma bai cika zancen ba.

Ya jawo wani mataccen rediyo daga ƙarƙashin gado.

"Kaka, wannan ai ya girmi babana."

"Ya girme shi. Zauna, abokina. A watan Mayu na 1968 muka shiga Fatakwal, ƙarƙashin Kanar Benjamin Adekunle. Sojojin Biyafara sun janye, gari ya watse, sai tsofaffi da marasa ƙafar gudu. Na tura wata ƙofa, na tarar da dattijo sa'an mahaifina. Ya durƙusa, hannuwa sama. Ban taɓa shi ba. Rediyon nan kawai na ɗauka a kan tebur, shi kuwa yana ta yi mini godiya har na fice. Shekara hamsin ina gaya wa kaina ni mutumin kirki ne, tunda har gode mini ya yi."

Ya yi shiru, yana shafa ƙurar da ke kan rediyon.

"Ka tuna kakar da mutanen daji suka ce ba mai girbe dawa sai an biya su? Ni aka wakilta na kai kuɗin, saboda furfurata. Wanda ya karɓa bai kai ka shekaru ba. Ya ƙirga, ya ce saura, ya kwance sana na huɗa ya haɗa. Na durƙusa. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce mun gode, Allah ya ƙara girma ba. A hanyar dawowa ƙafata ta ƙi ɗaukata. Fuskar dattijon nan kawai nake gani, don a ranar na ji abin da ke cikinsa lokacin da yake gode mini."

"Kaka, ba za a iya mayar masa ba?"

"Ban san sunansa ba. Ban tambaya ba."

Da asuba yaron ya ɗaure kayansa. Tsoho ya rako shi har bakin titin Funtuwa, ya sa masa albarka, sannan ya kwance bakin jakar yaron da hannunsa ya tura rediyon ƙarƙashin tufafi.