Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Abin karantawa: Ezra 8:15-34, Farawa 33:12-14

Ga rani ya shigo, hanyoyi sun bushe, lokacin ziyara ya yi. A ekklesiyarmu mawaƙa da matan zumunta sun ɗaura niyya za su hau Tsaunin Mambila su gai da 'yan'uwa na Gembu. Da muka zauna shawara, sai wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, mene ne na dogon shiri? Ba Allah ne mai kiyayewa ba? Mu yi addu'a mu shiga mota." Maganar nan ta kwana a raina, gama na san mutane da yawa haka su ke tunani. Shi ya sa na ga ya kamata in amsa ta a nan, domin dukan mai niyyar irin wannan tafiya ya karanta.

Bari mu fara da sanin wurin. Mambila tana cikin Jihar Taraba, a kan iyakar Kamaru. Tudun ya kai wajen mita 1,600 bisa teku, watau ya ɗara ƙafa 5,000. A wannan yanki ne Chappal Waddi ya ke, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Mai tasowa daga Jalingo ya kan bi ta Bali da Serti har Mayo Selbe. A nan ne gindin dutse. Daga nan hanya ta kan yi ta nannaɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, har a fita Maisamari, sa'an nan Nguroje, sa'an nan Gembu. Abin da ba ka shirya a ƙasa ba, ba za ka same shi a tsakiyar hawa ba.

Akwai wani bawan Allah da ya ja babban ayari, shi ne Ezra. Ya tashi da jama'a daga Babila zuwa Urushalima, tafiyar wata huɗu, da yara da dukiya. Ezra mai bangaskiya ne ƙwarai, har ya ji kunyar roƙon sarki ya ba shi sojoji. Amma duk da haka bai ruga hanya ba. Ya yi zango a bakin kogin Ahawa, ya yi abu uku kafin ya ɗaga.

Na fari, ya duba mutanensa. Kwana uku ya yi yana dubawa, sai ya tarar babu Balawi ko ɗaya. Bai ce a tafi haka ba. Ya aika, aka kawo su, kāna aka tashi. Haka ya wajaba ga shugaban tafiya. A rubuta sunan kowa, a san tsoho, a san mai ciki, a san mai goyo. Iskar kan tudu ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Ciwon nan da hawa ke kawowa, na ciwon kai da jiri da amai, ya fi kama mutum daga mita 2,500 zuwa sama, hanyar Gembu kuwa ba ta kai haka ba. Amma mai ciwon zuciya, da mai fuka, da mai hawan jini, lalle su ga likita tukuna, su riƙe maganinsu a aljihu, ba cikin akwatin da aka ɗaure a bisa mota ba. A tambaya kuma, wa babu a cikinmu? In babu mai sanin jinya, in babu wanda ya taɓa bin hanyar, to, Balawinmu ke nan bai zo ba. A neme shi.

A nan zan faɗi laifina, domin wani ya tsira daga irinsa. Shekarun baya na taɓa jan jama'a zuwa can. Kuɗin mota na ƙidaya sarai, mutane ban ƙidaya ba. Akwai wata tsohuwa a cikinmu, da zane ɗaya ta fito, gama a garinmu zafi a ke yi. Ban san duk mita 1,000 da aka hau zafi ya kan ragu da wajen digiri 6 ba. Dare ya yi, hazo ya rufe, sanyi ya sauko. Na ji tana tari har asuba. Da safe na ce, "Iya, don me ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "Ɗana, kai ne mai ja, na ɗauka ka sani." Ta yi mako biyu a kwance bayan mun komo. Allah ya tashe ta, amma maganarta ba ta bar ni ba har yau.

Na biyu, Ezra ya auna kaya. Ya keɓe mutum 12 daga manyan firistoci, ya auna musu azurfa da zinariya, ya danƙa a hannunsu. Da suka isa Urushalima aka sake aunawa, aka rubuta. Kowane kaya da mai amsa shi. Mu ma kada mu ce "wani zai kawo," gama kayan wani ya kan kwana a gida. A sa mutum ɗaya a kan bargo da rigunan sanyi, wani a kan guzuri da ruwan sha, wani a kan akwatin magani da tocila, wani a kan kuɗi. Wayar hannu ba abin dogara ba ce a tsakanin duwatsu, saboda haka a gaya wa mutanen gida da masu masauki ranar tashi da lokacin isa.

Babbar amana kuwa ita ce mota. A kai ta wurin makaniki tun da sauran kwanaki, ya duba birki da taya da lagireto da fitila. A tabbata akwai safaya da jak da galan na ruwa, a kuma cika tanki tun a ƙasa. Ku sani inji ma da iska ya ke aiki, don haka ƙarfinsa ya kan ragu a bisa tudu. Motar da aka danƙara wa mutane da buhuna ta kan yi nishi a kan hawa, ruwanta ya tafasa. In ya tafasa a tsaya, a sa waigi a bayan taya, a bari ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, gama tururi ya kan ƙone hannu da fuska. Saukowa kuma ta fi hawa hatsari. Direban da ya yi ta taka birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Da ƙaramin giya a ke sauka. Kada a hau da dare, kada a hau cikin hazo. A masauki kuma, kome sanyi, kada a kwana da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe, domin iskarsa ta kan kashe mutum yana barci.

Na uku, Ezra ya yi shelar azumi, suka ƙasƙantar da kansu, suka roƙi Allah ya ba su hanya lafiya, su da 'ya'yansu. A nan dattijon nan namu ya yi gaskiya: in Ubangiji bai tsare ba, shirinmu banza ne. Amma ku lura, mutumin da ya yi azumin, shi ne wanda ya ƙidaya, shi ne kuma wanda ya auna. Bangaskiyarsa ba ta hana shi shiri ba. Ku tuna sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu kan tsororuwar haikali ya ce ya dira, wai mala'iku za su tare shi. Ubangijinmu ya ƙi, ya nuna masa gwada Allah ke nan. Wanda ya san birkinsa ba shi da kyau, ya ɗebi matan mutane da 'ya'yansu ya hau dutse yana waƙar yabo, shi ma Allah ya ke gwadawa.

Saura abu ɗaya, wanda Yakubu ya koya mana. Da Isuwa ya ce su tafi tare, Yakubu ya ba shi haƙuri, ya ce yaran ba su yi ƙwari ba, dabbobin kuma masu shayarwa ne, in aka kore su da ƙarfi yini guda za su mutu. Shi zai bi a hankali, gwargwadon tafiyar yara. Wannan ita ce dokar ayari. Ba da ƙarfin samari a ke auna tafiya ba, da ƙarfin Iya a ke aunawa. In motoci biyu ne ko uku, kada ta gaba ta ɓace wa ta baya. In wani ya ce a tsaya, a tsaya ba gunaguni. A kowane zango a kira sunaye. Sannu ba ta hana zuwa.

Ya mai karatu, ko ba ka da niyyar Mambila, kai ma matafiyi ne. Ekklesiya ayari ce mai hawa zuwa Urushalima ta sama, a can kuma za a sake auna abin da aka danƙa mana. Ya ku dattawa da masu bishara, kun san sunayen raunana da ke cikin garkenku? Akwai gwauruwa da ke jin sanyi ta yi shiru, tana cewa mai ja ya sani? Kai kuma da ka ke cewa sai ka tsufa za ka tuba, ka tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Yau kana gindin dutse, yau ce ranar shiri.

Dattijon nan da ya yi tambaya, shi muka ɗora a kan bargo. Ya riga ya bi gida gida, ya ƙidaya, ya kawo mini lissafi a rubuce. Ubangiji ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, ba wanda ya ragu. Amin.